Maƙwabcina Mai Kushin da Gwangwanin Gam

Shekara ashirin da biyu muna maƙwabtaka da Mai Kushin, kuma ba na jin an yi mako guda ban yi masa masifa ba. Rumfarsa tana jingine da bangon ɗakin ɗinkina. Aikinsa gyaran kujerun mota da na falo: ya yaye tsohuwar fata, ya yanka soso, ya fesa gam, ya manna sabuwa. Ni kuwa barguna nake ɗinkawa, masu hawa uku, yadin ƙasa, auduga a tsakiya, sai na sama da nake harhaɗawa da ƙyallaye. Da ya fara feshi warin zai shigo ta tagata, in leƙa in ce, "Kai Mai Kushin, kashe mu za ka yi?"

"Yi haƙuri, Yaya, saura kaɗan." Amsarsa ke nan kullum.

Gajere ne, mai sanƙo, kunnensa ɗaya ya toshe saboda ƙarar injin ƙusa, kuma na tabbata shi yake juyo mini in na fara. Matarsa ta rasu da wuri. A rumfar nan ya raini 'ya'yansa mata uku, suna barcin rana a kan soso, har kitso ya koya, kodayake sau da yawa sai na tsefe na sake musu.

Bara aka yi mini aiki a gwiwa, likita ya hana ni durƙuso har abada. To, bargo ba ya hawa keken ɗinki sai an shimfiɗa hawa ukun a ƙasa, an bi su da rarrafe ana kama su da dogon ɗinkin hannu, in ba haka ba su zame su tattare ƙarƙashin allura. Na gwada a kan tebur, bayan bargon ya fito duk a yamutse. Babban ɗana ya dube shi ya ce, "Umma, ki huta haka nan. Ranar Asabar zan zo in kai wa 'yar ƙanwarki keken." Da ya fita na yi kuka. Keken nan da shi na ciyar da 'ya'yana, in aka ɗauke shi ban san wace ce ni ba.

Ashe kunnen Mai Kushin mai kyau ne yake wajen bango, ya ji komai.

Ranar Alhamis da hantsi Mai Kushin ya yi sallama, riƙe da ɗan gwangwani da salatif.

"Da wannan warin za ka shigo mini ɗaki?" na ce.

"Ba irin nawa ba ne, Yaya. Nawa zai daskare miki a allura. Wannan na yadi ne, riƙon ɗan lokaci yake yi, wanki ɗaya ya fita. Kwana uku ina gwada shi a ƙyallayen da kike zubarwa."

"Sharata kake tonawa?"

"Saura kaɗan," ya ce, ya buɗe tagogin duka.

Ya manna yadin ƙasa a jikin bango da salatif, ya ja shi ya miƙe sumul. Ya sa na tsaya a kan ƙafafuna, na girgiza gwangwanin, na fesa daga nesa kamar taƙi guda. Hannuna ya yi nauyi, ya ce, "Sassauta, ba sauro kike kashewa ba." Muka ɗora audugar, na shafe ta da tafin hannu daga tsakiya zuwa gefe. Inda ta tattare muka ɗaga muka sake kwantar da ita. Na fesa a kanta, muka ɗora yadin sama. Aikin da yake cin min yini guda ina rarrafe, muka gama shi kafin shayina ya huce.

Na so in yi masa godiya. Sai cewa na yi, "Ka karkata salatif ɗin nan." Ya gyara, ya tafi abinsa.

Ranar Asabar ɗana ya iso da mota, ya tarar da ni a kan keke, bargon yana wucewa ƙarƙashin allura ba tattara ko ɗaya, wani kuma yana rataye a bango yana jiran layi. Ya daɗe tsaye yana juya makullin a hannu, sannan ya ce, "To Umma, me za a sayo miki?" Na ce auduga.

Da la'asar na miƙe na fara fesa na biyun, taga a buɗe. Can sai na ji muryar da ban taɓa jin an ɗaga ba cikin shekara ashirin da biyu.

"Ke Mai Bargo! Kashe mu za ki yi?"

Na dafa bango, hawaye suna zuba ina dariya.

"Yi haƙuri, ƙanena," na ce. "Saura kaɗan."