Yatsun Kawu Na'ibi

Kawuna Na'ibi, wan mahaifiyata, ya zo hajji daga Gumel a 1978 bai koma ba. Ya yi dako a kasuwar Balad, ya yi gadi, kafin Allah ya haɗa shi da Duktur Abdulghani, wani mai binciken halittun teku da ya mayar da bayan gidansa na unguwar Abhur ɗakin gwaji. Shi ya zama kafilinsa, wato mai tsaya masa a wurin hukuma, ya yi masa iƙama, takardar izinin zama. A unguwarmu ta Hindawiyya har walima aka yi.

Aikin kuwa soso ne, irin na teku, wanda masu nutso ke kankarowa daga jikin duwatsu. Ashe dabba ne, har da ƙashi. Kawu ya ce ba a gane jinsinsa da launi ko siffa, sai an narkar da naman an duba abin da ya rage. Wani ƙashinsa zare ne mai laushi, shi ake wanka da shi. Wani kuma allurai ne na gilashi, ido ba ya ganinsu sai da madubin ƙara girma. Duktur ya ƙwallafa rai a kan jinsi ɗaya mai suna Biemna, wanda ake bambanta shi da 'yan'uwansa ta ƙananan alluransa: masu lanƙwasa kamar ƙugiya, da sirara kamar gashi.

Kawu ne ke yanka, ya jiƙa a ruwan bilic mai narkar da naman, ya murtsuke da yatsu, ya ɗauraye, ya shimfiɗa a gilashi. Da hannu tsirara, shekara da shekaru.

Wannan wuri ne ke ƙona mini rai, kuma su biyun nake jin haushi. Duktur ya san abin yana cin fata, amma ya ce safar hannu tana kwashe masa allurai. Shi kuma Kawu, da na saya masa safa, dariya ya yi mini.

"Kai yaro, abin da ake cuɗa baya da shi zan sa wa safa? Wallahi aib ne."

"Kawu, wannan ba soson Gumel ba ne."

"Soso soso ne. Halas, magana ta ƙare."

Kullum yatsunsa a kumbure, suna saɓa kamar maciji. Matarsa Inno ta shafa man kaɗanya, ta shafa zaitun, har ta gaji. Daga baya suka daina saɓa, suka yi sumul kamar bayan cokali, Kawu ya ce ai ga shi sun warke.

Sai aka shigo da basma, wato ɗaukar zanen yatsa, aka ce ba a sabunta iƙama sai da ita. Ni na raka shi ofishin. Ya ɗora babban yatsa a na'ura, babu komai. Aka goge, aka danna, aka bi sauran yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Ya Hajj, ma fi basma," in ji ma'aikacin, wato babu zanen. "Kafilinka ya zo ya yi bayani."

Muka tafi Abhur. Mun tarar ana ɗaure kwalaben soso cikin akwatuna, kowace da sunanta da na danginta, an naɗe ta da auduga kamar jaririya. Duktur ya yi ritaya, zai koma wurin ɗansa a Turai. Ya riƙe hannun Kawu, ya juya shi, ya duba da kyau.

"Subhanallah. Bukra, gobe-goben nan, in sha Allah, zan je."

Bai je ba. Waya ma ya daina ɗauka, har jirginsa ya tashi. Iƙama ta mutu, aka buga wa Kawu fita ta ƙarshe, wato ya bar ƙasar ba dawowa. Inno tana ƙarƙashin kafalar surukinsu, ita da 'ya'ya da jikoki duk suna nan. Gumel kuwa, waɗanda suka san shi suna maƙabarta.

A filin jirgi na tsaya bayan gilashi ina kallo, zuciyata ta ɗan yi sanyi, don nan ma akwai na'ura. Na ce idan ta ƙi shi dole su dawo mana da shi. Ya ɗora yatsa, ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Ya waiwayo ya dube ni, har ya fara murmushi.

Ma'aikacin ya ɗaga kafaɗa, ya buga hatimi, ya miƙa masa fasfo.

"Ma'alesh, ba komai, ya Hajj. Yalla, wuce."