Injin Da Na Ɗauko Daga Yawuri

Tafiyar nan ta ba ni wuya, kuma ba wanda ya aike ni. Tun da matata ta rasu bara gidan ya yi tsit, ko ƙarar turmi babu. Na ce bari in kafa injin niƙa a ƙofar gida, matan ƙauyenmu Ƙarfi su huta da zuwa Malumfashi, ni ma in riƙa ganin mutane. Wani direban motar auduga ya ce mini injuna sun yi araha a Yawuri, don za a tare kogi, ana tashin mutanen bakin ruwa. Na sayar da shanun huɗata biyu, na ɗaure kuɗin a ƙugu.

Mun tashi da asuba daga Funtua a bayan babbar mota, bisa buhunan dawa. Hanyar Birnin Gwari daji ce da ramuka, in mota ta faɗa ɗaya sai ka ji har a haƙori. A tashar Kwantagora muka kwana. Na ci tuwon sisi, miyar kamar an wanke tukunya. Kowa a motar yana da abokin hira, ni sai gorona.

Ban taɓa ganin ruwa irin na Yawuri ba, tsallakensa sai ka ƙanƙance ido. Bandar kifi a can ta fi daddawa a wurinmu araha. Na sami wani masunci mai tsohon injin jirgi. Ya ɗaura shi a gindin jirginsa, ya fizgi igiya, muka yanki ruwa ina riƙe da katako ina salati. Na ce abin da ya ja wannan jirgi ai dawa ba za ta gagare shi ba. Muka daidaita a fam ashirin.

Ya ce, "Malam, ka gauraya masa baƙin mai a fetur. Kuma kada ka tayar da shi sai ƙafarsa na cikin ruwa."

Na ce to. A raina kuwa na ce mu a wurinmu ƙarfe ba ya shiri da ruwa, ko fartanya ta kwana a raɓa sai ta yi tsatsa. Na goge shi tas, na naɗe shi da bargona, ni na dawo cikin sanyi.

A Funtua na kai wa wani makanike. Na faɗa masa zancen mai, na bar zancen ruwa. Ya ɗaure injin a benci ya tayar. Ya yi ƙara mai daɗi, can sai warin roba, sai ya mutu. Da ya kwance shi muka tarar wata 'yar roba a ƙafar ta narke. Wani tsohon maigadi da ya taɓa aikin jirgin ruwa ya leƙo ya ce, "Da ƙafa yake shan ruwa ya huce. Ƙishi kuka kashe shi da shi."

Kwana uku ina zaune a bakin garejin nan. Makanike ya yanko wata robar daga tsohuwar taya, ya fere ta, ya tsoma ƙafar injin cikin duro cike da ruwa. Injin ya tashi, farfela tana watsa mana ruwa. Na tambaye shi inda za a haɗa shi da dutsen niƙa.

Ya dube ni ya ce, "Baba, wannan ba ya niƙa. Tura ruwa kaɗai ya iya. Me ya hana ka tambaye ni kafin ka tafi?"

Da marigayiya nake shawara, bayanta ban saba da kowa ba.

Da la'asar na shiga Ƙarfi da injin da duron a kan jakin aro. Wani maƙwabcina ya ce, "Sannu da hanya, jirgin yana baya ne?" Aka yi dariya, na wuce. Damina ta kusa, shanu babu, bana kam da hannu zan yi huɗa. Abin da na koya shi ne, in mai abu ya gaya maka halin abinsa ka ji, kuma shirun gida yana sa mutum ya yi wauta.

Washegari na je rijiya, na yi ta jan guga har duron ya cika. Na tsoma ƙafar injin, na fizgi igiya. Na zauna a kan turmin marigayiya ina sauraron ƙarar har fetur ya ƙare, sannan na ɗauki garma na tafi gona.