Inna Ta Ƙi Barin Romi

Na daɗe ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare da ke unguwar Makera a Kaduna, kuma darasin da na fi tsana shi ne na harsuna da addinan duniya. Taswirar da muke ratayawa a allo ta raba duniya launi-launi: kore na Musulmi, shuɗi na Kirista, can gabas rawaya na mabiya Buda. Da mai zanen ya iso Najeriya sai ya tsaga ta biyu, layin ya bi ta kan Kaduna. Mahaifiyata kuwa a cikin shuɗin take zaune, a unguwar Romi, ita kaɗai ce Musulma a layinsu.

Tun mahaifina yana aikin masaƙa suka gina gidan. Rikici ya zo ya wuce, wani ya biyo baya, Hausawan unguwar suka sayar da gidajensu suka dawo wajenmu, Kiristocin wajenmu suka koma can. Inna ta ce ba inda za ta. Tana gaisawa da maƙwabta da Gbagyi, ta yi ciniki da yaren Bajju, in ka ɓata mata rai ta wanke ka tas da Turancin buroka. Ni mai digiri harshe biyu gare ni, kuma ba ta gajiya da yi mini gori.

Wata Alhamis gab da zaɓe jita-jita ta cika gari. Ba wanda ya ga komai, amma kowa ya ji daga bakin wanda ya gani. Iyaye suka yi ta zuwa kwashe 'ya'yansu tun kafin tara. Na kira Inna, waya a kashe, don ita wayarta ta ajiya ce a ƙarƙashin filo. Na ɗauki shatar akori-kura, na ce yau ko ana ha-maza-ha-mata sai na ɗauko ta da kayanta.

Muna kaiwa unguwar Television direban ya cire hularsa ya cusa a aljihu. Ba wanda ya ce mana kanzil, amma ji nake duk idon titin a kan hijabina yake.

Na tarar da Inna a kishingiɗe tana jin rediyo. Ko zama ban yi ba na sa direba ya fara fitar da katifa da akwatuna da keken ɗinki. Tana faɗa, ina faɗa. Can sai na ji waje ya ɗauki hayaniya. Da na leƙa, mata ne ke ƙwala wa 'ya'yansu kira, wata ta riga ta ɗora ƙunshin kaya a ka, masu shaguna suna ja da ƙofa. A bakin layi samari sun fara taruwa, wasu da gora, duk sun zuba wa motarmu ido.

Maƙwabciyarmu, shugabar zumuntar mata a cocinsu, wadda ta goya ni ina jaririya, ta shigo zani na kwancewa. Ta riƙe hannuna.

"'Yata, don girman Allah ki gaya mana gaskiya. Yau ne za su zo?"

"Su wa, Mama?"

"Mutanenku mana! In ba kun ji wani abu ba, me zai sa ki kwashe Hajiya? Mu fa kullum ita muke dubawa. In mun ga ta fito shara da safe, sai mu ce yau lafiya."

Na yi rantsuwa har na gaji cewa ban san komai ba, tsoro ne kawai ya kawo ni. Ta saurare ni, amma idonta na kan katifar da ke cikin mota.

Inna ta miƙe. "Sauke mini kayana."

"Inna, in wani abu ya same ki fa?"

"Ke da karatunki! In motar nan ta fita da katifata, kafin la'asar wani zai jefi wani, daga nan kuma sai abin da Allah ya yi."

Aka mayar da komai ciki. Ta ɗauki kujera 'yar tsugune da farantin wake, ta fito ƙofar gida ta zauna inda kowa zai gan ta. Ta ɗaga murya ta jefa wa mai ƙunshin kayan wata magana da Gbagyi. Matar ta yi 'yar dariya, ta tsaya jim, sannan ta sauke kayan. Samarin dai ba su watse ba.

Na ce to ni ma a nan zan kwana. Ta ce a'a, 'ya'yana na jira, in tafi, kuma direba ya ja motar a hankali don kowa ya ga ba komai a bayanta.

Da na durƙusa zan yi mata sallama sai na ga waken yana zubewa ƙasa. Hannunta ne ke rawa, har farantin na kaɗawa a cinyarta. Ban taɓa ganin Inna ta ji tsoron komai ba. Na buɗe baki zan yi magana, ta washe haƙora kamar muna hira, ta ce ƙasa-ƙasa:

"Daina kallon hannuna. Tashi ki tafi kina dariya, suna kallonmu."