Malam Sada Mai Karatun Gudu

Malam Sada mutumin Dingaya ne, a ƙasar Gwaram. Ya gama kwalejin horon malamai, ya koyar shekara biyu, sai yaƙin basasa ya ɓarke. Ya ajiye alli ya shiga soja, bai shawarci kowa ba. Da aka gama yaƙi ya dawo da gaɓoɓinsa lafiya lau, amma da wani sabon hali: ba ya iya daɗewa a cikin ɗaki. In ya ɗan jima a ciki sai gumi ya karyo masa, ya ji kamar an ɗora masa dutsen niƙa a ƙirji. Matarsa Zahara'u ta yi magana har ta gaji, ta koma kai masa tuwo ƙofar gida.

Da kuɗin man fetur suka shigo, gwamnati ta yi ta buɗe makarantu, malamai suka yi ƙaranci. Aka tura shi wata sabuwar sakandaren maza tsakanin Gwaram da Birnin Kudu, ya koyar da Turanci. Ɗaliban sun haddace ƙa'idojin nahawu kamar karatun allo, amma in ka ce su faɗi abin da suka yi jiya, sai su faɗi na gobe. Shi kuma ajin ya ishe shi, rufin kwano, taga biyu.

Ran nan ana cikin darasi ya jefar da alli.

"Kowa ya fito waje," in ji shi.

Bayan ajin akwai tsamiya, da ɗorawa, da wata tsohuwar kuka. Ya ce tsamiya ita ce abin da ya wuce, ɗorawa abin da ake ciki, kuka abin da zai zo. Zai furta jimla da Turanci, kowa ya ruga gindin bishiyar da ta dace. Wanda ya ɓata hanya, sai ya juya jimlar da bakinsa ta dace da bishiyar da ya je, kafin a sake shi. Yara suka yi ta gudu suna ihu, shi ma yana gudu tare da su, babbar riga a kafaɗa. Cikin wata guda, yaran da ba sa buɗe baki suka fara gardama da juna a kan kalmomi, har wajen cin abinci.

Shugaban makarantar, Malam Abdulsalami, dattijo ne mai son tsari. Ya kira shi ofis.

"Malam Sada, makaranta ce nan ko dandali?"

"Ranka ya daɗe, a gwada su a gani."

Aka gwada su, suka yi abin kirki, shugaba ya ƙyale shi ba don ransa ya so ba.

Farkon damina, bayan an yi ruwa, wani ɗalibi mai suna Ƙasimu ya zame a kan saiwar ɗorawa, ya faɗi bisa hannunsa na dama. Malam Sada ya ji ƙarar ƙashin daga inda yake tsaye. Shi ya goya shi zuwa wurin mai ɗori.

Kwana uku bayan haka mahaifin yaron, Malam Buba, ya iso daga Kangire a ƙafa, da sandarsa ta kiwo.

"Malam, boko na kawo shi ya yi, ba tsere ba," in ji shi. "Ga gero ya tsiro, ciyawa ta taso. Shi ke zuwa ƙarshen mako ya taya ni. Yanzu wa zai riƙe fartanya?"

"Ni," in ji Malam Sada.

Malam Buba ya dube shi sama da ƙasa, ya ɗauka wasa ne. Asabar da sassafe sai ga malamin a kan keke, fartanya ɗaure a baya. Mako biyar yana zuwa, suka yi noman fari suka yi maimai. Ba ya hutawa. In dattijon ya zauna shan fura, shi yana can ƙarshen kunya.

Wata rana Malam Buba ya kira shi inuwa ya miƙa masa ƙwarya.

"Na lura da kai," ya ce. "Ba yaran nan ne ke son gudu ba. Kai ne. Me ke korar ka?"

Malam Sada ya ajiye ƙwaryar.

"Baba, wani gida aka rufe mu a ciki lokacin yaƙi, kwana shida. Mu tara muka shiga."

Bai faɗi su nawa suka fito ba, dattijon kuma bai tambaya ba.

A makaranta an riga an hana karatun gudu. Sai ya ƙirƙiro na zaune. Ya kawo goriba ɗaya, ya jefa wa ɗalibi tare da kalma, ɗalibin ya faɗi jam'inta ko ya sa ta a jimla, ya jefa wa wani. Wanda goriba ta daɗe a hannunsa, layinsu ya faɗi. Yaran suka so wannan ma, Ƙasimu ya ƙware da caɓewa da hagu. Malamin kuwa a bakin ƙofa yake tsayawa, yana koyarwa yana share gumi, idonsa na kan hanya.

Ya daure har suka rubuta jarrabawar ƙarshe. Fiye da rabinsu suka ci Turanci, abin da makarantar ba ta taɓa gani ba. Sai ya kai takardar barin aiki. Malam Abdulsalami da kansa ya roƙe shi ya zauna.

"Ranka ya daɗe, na yi iyakar ƙoƙarina," ya ce.

Ya sami aikin tafinta a wani kamfanin haƙa rijiyoyin burtsatse, yau suna Unguwar Ya, jibi suna wani ƙauye. Zahara'u ta bi shi ƙaura biyu, a ta uku ta ce ita kam ta zauna Birnin Kudu, ya riƙa zuwa duk Juma'a. Haka suka yi shekara goma sha ɗaya, har ciwon gwiwa ya sauke shi daga motar kamfanin, suka tattara suka koma gonar mahaifinsa a Dingaya.