Shunin da Na Gani a Hannun Ƙawata

Akwai abin da ya same ni ina budurwa a Ajingi wanda har yau, da haƙora suka zube ido ya yi hazo, bai bar zuciyata ba, kuma na san ba zai bar ta ba sai ranar da aka rufe ni.

A lokacin ina da ƙawa guda, dangar kara ce kawai tsakanin gidanmu da nasu. Tare muke kaɗi, tare muke kai zare kasuwa. Kowa a unguwa ya san ba haihuwar garin ba ce. Wata shekara da mahara suka fito daga duwatsun kudu, mutanen ƙauyuka suka watse, wata tsohuwa mai daddawa ta tsince ta a gindin tsamiya tana kuka, ko sunan ubanta ba ta iya faɗa ba. Tsohuwar ba ta taɓa haihuwa ba, sai ta riƙe ta. Dukanmu Iya muke ce mata.

Akwai kuma wani marini da ke zuwa daga Gaya a kan jaki duk ranar kasuwa yana sayen zare. Hannuwansa har gwiwa sun rine da shunin baba. Tun yana taya zarena har ya koma taya ni hira, daga baya manyansa suka zo gidanmu da goro, aka ce aure sai bayan kaka. Ina sonsa ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Wata ranar kasuwa ƙawata ta miƙa masa zarenta, mayafinta ya zame, sai na ga ya ƙura wa hannunta ido har ya manta da cinikin da yake yi. Daga ranar hirarmu ta canza. Duk inda na kai magana sai ya dawo da ita kanta: yaushe aka kawo ta garin, tana da wayo a lokacin, daga wace hanya aka tsince ta. Na riƙa ba shi amsa ina dariya, amma cikina ba dariya yake ba.

Ba a jima ba wata maƙwabciyarmu ta ce wa mahaifiyata ta ga jakin surukin nata a ɗaure bayan gidan Iya, alhali ba ranar kasuwa ba ce. Bai kuwa leƙo gidanmu ba. Ita ma ƙawar tawa ta rage shigowa kaɗi, in ta zo kuma sai ta riƙe mazari tana kallon ƙasa. Ran nan a bakin rijiya ta ɗaga hannu za ta aza tulu, na ga shatin yatsu shuɗaye a damtsenta. Na tambaye ta, ta ce zane ne ya zuba. Ni kuwa na san zannuwanta ɗaya bayan ɗaya, babu sabon rini a cikinsu.

Wanda bai taɓa zargin mutumin da yake ƙauna ba ba zai gane halin da na shiga ba. In ta yi murmushi in ce da ni take, in ta yi shiru in ce kunyata take ji. Na rame har mahaifiyata ta fara jiƙa mini sassaƙe. Na yi niyyar in ce wa mahaifina a mayar musu da kayansu, amma na ga ba zan iya rabuwa da mutum biyu lokaci guda ba tare da na ji daga bakin ɗaya ba.

Na bari Iya ta fita tallan daddawa da hantsi, na shiga na same ta tana tsince kalwa. Na ce, "Ƙawa, in kina sonsa ki faɗa mini da bakinki. Ya fi mini sauƙi a kan in ji a rijiya."

Ta janye mayafi ta nuna mini tsohon tabon ƙuna da ke damtsenta na dama, wanda na sha gani ban taɓa kula ba. Ta ce marinin yana da ƙanwa da ta ɓace a shekarar gudun nan, wadda ta taɓa faɗawa kan murhu tana rarrafe. Tun ranar da ya ga tabon ya kasa sukuni, shi ne ya zo ya riƙe hannun ya duba. Sun ɓoye ne saboda Iya, wadda ba ta da kowa sai ita, da kuma mahaifiyarsa, wadda aka taɓa sa wa rai da wata yarinya ta kwanta ciwo da ta ga ba ita ba ce. Ni kuma sun ji tsoron in na sani mahaifiyata za ta sani, ita da Iya kuwa ba sa ɓoye wa juna komai.

Gaskiya ban yarda duka ba. Labarin ya yi kyau, amma kuma irin labarin da mai son ya rufe bakin mutum zai iya shiryawa ne. Na ce to a kawo uwar ta gani, in ba haka ba ni zan faɗa wa Iya.

Da kasuwa ta kewayo ya zo da mahaifiyarsa a kan jakin, shi yana tafe a ƙasa. An faɗa wa Iya da safen nan, ta zauna bakin ɗakinta. Baƙuwar ta zaunar da ƙawata a gabanta, ta shafa tabon, ta juya fuskarta, ta buɗe gashinta ta duba. Can ta sauke hannu ta ce, "Ba ita ba ce. Tawa a hagu ta ƙone."

Ƙawata ta kife a cinyar baƙuwar ta fashe da kuka, irin kukan da ba a iya ƙirƙirarsa. Ashe duk kwanakin da nake ganin kunyata take ji, uwa take sa rai da samu. Iya, wadda muke tsoron ta faɗi, ita ce ta taso ta dafa baƙuwar ta ce mata ta ɗauka ta sami 'ya a Ajingi, ƙofa a buɗe take.

Ni kuwa wani sabon tsoro ne ya kama ni. Tunda ba ƙanwarsa ba ce, babu abin da ya hana shi aurenta. Na bi shi inda yake kwance jaki, na ajiye kunya na tambaye shi. Idonsa ya yi ja. Ya ce, "Na daɗe ina kallonta a matsayin wadda muka sha nono ɗaya. Ba zan iya kallonta wani iri ba kuma."

Bayan kaka aka kai ni Gaya. Ƙawata kuwa ta auri wani manomi a Toranke, kuma surukata ce ta yi mata gara kamar 'yar cikinta. Mun rayu muna ziyartar juna har Allah ya karɓi abarsa.

Abin da na koya shi ne, duk abin da idona ya gani a kwanakin nan gaskiya ne, babu ƙarya ko ɗaya, fassarar da na ba shi ce ta kusa raba ni da miji da ƙawa. Shi ya sa in jikokina suka zo mini da zargi, nakan ce su je su tambayi mai shi tukuna, ko da amsar za ta yi ɗaci.