Famfon da Ake Rataya Guga

A unguwar ba mai kiransa da sunan yanka. Mai Tsani ake ce masa, don shekara talatin da biyu ke nan ba a ganinsa sai da tsani a kafaɗa, bokitin sitaci a hannu, buroshi a aljihun baya. Sana'arsa liƙa fasta. Tallan sabulu, sanarwar makaranta, maganin basir, duk yana liƙawa, amma kakarsa ta gaske lokacin zaɓe ce. Kowace jam'iyya shi take nema, saboda fastarsa ba ta kumbura kuma ba ta karkacewa. Sirrinsa ɗaya ne: ba ya ɓare tsohuwa, a kanta yake ɗora sabuwa, wai takarda ta fi kama takarda. Shi ya sa doguwar katangar tasha ta yi kauri har yara ke cewa katifa ce.

To bana sai ga ɗan takarar shugaban ƙasa da ake kira Mai Murmushi, gari ya rikice. Direbobi sun liƙa shi a gilashi har ba sa ganin hanya sosai. Mai aski ya rataya shi inda madubi yake, sai dai a yi maka aski ka tafi gida ka duba. Akwai akuyar da ta yi kwana uku tana yawo da hotonsa a gadon baya. Alkawarinsa kuwa kowa ya haddace: famfo a kowane gida cikin kwana ɗari. Mai Tsani ya liƙa wannan alkawari sau dubu, ya shafe shi da buroshi sumul, bai yarda da ko harafi ɗaya ba.

Abin da ya hana shi sakat shi ne zazzaɓin ya shigo masa har tsakar gida. Maman yara, matar da ko rediyo ba ta damu da shi ba, yanzu da hular Mai Murmushi a kan ɗankwali take shara. Kuma tana da hujja, Allah ya gani. Shekara talatin tana jan ruwa a rijiyar tsakar gida har bayanta ya fara ƙara. Girki kuma a fili take yi, damina ta zo ruwa ya kashe mata wuta. Gidan ɗan ƙarami ne, ba inda za a yi kicin sai daidai wurin rijiyar. Tunda famfo na tafe, me za a yi da rami? Ta kira ƙaninta magini suka gama magana, ranar Asabar za a kawo yashi a cike ta.

Labari ya iske Mai Tsani. Mahaifinsa ne ya haƙa rijiyar da hannunsa, ko a tsakiyar rani ba ta taɓa ƙafewa ba, gida shida ke ɗiba a cikinta. Ya buɗe baki zai yi bayani, ta riga shi: ai shi kullum haka yake, ko aljanna aka yi masa alkawari sai ya tambayi wa zai kawo siminti.

Ba ta yi gaskiya ba, ta kuma san ba ta yi ba, don shaida na nan a jikin bango. Wani tsohon kan famfo ne na tagulla, an kafa shi da siminti, bayansa ba bututu ko ɗaya. Shekarar da aka ɗaura musu aure wani ɗan takara ya yi irin wannan alkawari, kuma duk garin ba wanda ya kai Mai Tsani rawar kai. Ya sayo kan famfon ya kafa wa amaryarsa, ya je ya taro dagi da shebur zai cike rijiya. Sai mahaifiyarsa, Allah ya jiƙanta, ta riga shi wurin. Tabarma ta ɗauko ta shimfiɗa a kan murfin rijiyar ta zauna, wuni guda, tana tsinke ganye. Tun daga ranar, a jikin famfon ake rataya igiyar guga.

Ana gobe Asabar ya lallaɓa Maman yara ta raka shi katangar tasha. Ya hau tsani, ya zaro wuƙa ya yanka kusurwar fastar Mai Murmushi, ya ɗaga a hankali. Ƙarƙashinta wani ɗan takara ne yana nuna famfo da yatsa, kwana casa'in. Ya ƙara ɗagawa, sai ga wani mai tabarau, shi wata shida ya ce. Kafin ya kai na huɗu mutane sun taru. Mai faci ya gane nasa, ya ce wallahi saboda wannan ya taɓa faɗowa daga kan mota. Wata mai sayar da lemo ta ce na ƙasan ai har sunansa ta sa wa ɗanta. Sai wani direba ya lura hoton famfon ma ɗaya ne a dukkansu, har ɗigon ruwan da ke bakinsa, tasha ta kaure da dariya. Maman yara ta yi dariya har ta dafa tsani tana share hawaye, Mai Tsani na sama yana jin daɗi, ya ɗauka ya gama da ita.

A hanyar gida ta gyara zaman hularta ta ce, "Malam, duk na gani. Amma wannan daban ne."

Da safiyar Asabar motar yashi ta juye kaya a ƙofar gida. Magini ya shigo da shebur yana fito, sai ya ja ya tsaya. Mai Tsani na zaune a kan murfin rijiya, bisa tabarma, ya tanƙwashe ƙafa. Da ya rasa abin yi da hannunsa, ya jawo kwanon ganyen miya yana tsinkewa, yana zubar da ganyen yana tara itacen. Magini ya gaishe shi da ladabi, ya tambaya ko ya fi so a cike rijiyar da shi a ciki ne, don yashin ya ɗan gaza. Maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga.

Maman yara ta fito da faɗa a bakinta, ta gan shi, faɗan ya maƙale. Zaman surukarta ne sak, har karkata kan. Ta zauna a kan turmi tana dariya, dariyar ta yi nisa har ta koma wani abu dabam, ta sa bakin zani ta rufe fuska. Shi ma sai kunya ta kama shi, don a lokacin ya lura yadda take dafa ƙugu kafin ta zauna. Shekara talatin yana alfahari da rijiyar mahaifinsa, bai tuna ranar da ya ja guga biyu a jere ba.

"Ni ban hana ki zaɓensa ba," ya ce. "Ranar da wancan famfon ya ɗiga, da hannuna zan cike ta."

"Kafin ya ɗiga fa, wa zai ja ruwan?"

Ya dubi magini, magini ya dubi sama. Ya ce shi zai ja.

"Kicin ɗina kuma?"

Nan fa ɗaya. Wuri guda ya rage a gidan, ɗan ɗakin da yake ajiye tsani da sitaci da ragowar fastoci, inda ko tsintsiya ba ya bari a shiga da ita. Ya zaro makulli ya miƙa. Kafin azahar magini ya fasa taga ya ɗora murhu, fastocin shekara talatin kuma aka ce za su yi amfani wajen hura wuta.

Mai Murmushi ya ci zaɓe, gari ya yi mako guda yana rawa. Yau kwana tamanin da shida da rantsar da shi, Maman yara ce ke riƙe da lissafin. Tsani a zaure yake kwana yanzu. Kullum da safe, kafin ya ɗauke shi, Mai Tsani na cika randuna uku yana nishi, bayansa ma ya fara ƙara. Ita kuwa takan fito daga kicin ta cire igiya daga jikin famfon ta miƙa masa, sannan ta murɗa kan, famfon da ya sani sarai ba bututu a bayansa, don shi ya kafa shi. Takan kanga kunne ta ɗan saurara. Jiya yana tsakiyar jan guga ya ga hannunsa ya tsaya cak, ashe shi ma sauraro yake yi.