Barkonon Ya Fanna

Ya Fanna matar Maina ce, Babarbariya, manomiyar tattasai a bakin kogin Komadugu, gabas kaɗan da garin Diffa. Waɗanda suka zauna da ita sun ce ba ta da yawan magana, kuma ba ta mantuwa.

A shekarar 1994 aka karya darajar sefa. Taki da man injin ban ruwa suka fi ƙarfin manomi, ma'aikata suka yi wata da watanni babu albashi, kasuwa ta mutu. A shekarar ce ciwo ya kwantar da Maina, gonarsu ta kwana ba shuka. Sai gwamnati ta kawo shirin agaji. Wanda ya yi aikin haƙa hanyar ruwa a ba shi gero, kuma duk gonar bakin kogi da aka bari kwance a sa ta cikin koperatif, wato ƙungiyar manoma, a miƙa wa mai iya aikinta. An ce don talaka aka yi.

Shugaban komitin rabon shi ne Alhaji Jibirin, mai kanti a kasuwa, asalinsu Damagaram. Ya ce gonar Maina yasasshiya ce, ba a jima ba ta faɗa hannunsa. Abin da aka bar wa masu ita ɗan siririn fili ne a bakin iyaka. Da Maina ya samu sauƙi ya dogara sanda ya je, ya tarar da injin wani yana kuka a gonar ubansa. Ya komo gida ya kwanta. Kafin kogi ya ƙafe an kai shi makwancinsa.

Ranar sadaka Alhaji Jibirin ya zo gaisuwa, an biyo shi da buhun geron agaji.

"Ya Fanna, a yi haƙuri," in ji shi. "Doka ce, ba ni ba ne."

"Na ji, Alhaji. Yanzu ai mun zama maƙwabta."

Geron nan ta rabar da shi duka, ko tsaba ɗaya ba ta shiga tukunyarta ba.

Manoman kwarin suna da wata al'ada. Ba a shuka barkono kusa da tattasan da maƙwabci zai ɗebi iri a cikinsa, domin ƙudan zuma na yawo daga wannan fure zuwa wancan. Tattasan shekarar zai fito lafiya lau, amma in aka shuka irinsa baɗi, sai ya haifi ƴaƴa ƙanana masu yaji. Alhaji mutumin kanti ne, ƴan ƙodagonsa kuma makiyaya ne da fari ya raba da dabbobinsu. Da lokacin dashe ya zo, Ya Fanna ta cika siririn filinta da barkono, daga wannan kai zuwa wancan.

Wani tsoho, wanda gonarsa ke can gaba, ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ta ko ta san abin da take yi. Ta ce kayan miya take shukawa. Ya kama hanyarsa. Shi ma Alhajin, da barkonon ya nuna, har aikowa ya yi a sayo wa gidansa, yana wasa wai na Ya Fanna ya fi na kowa faɗa.

Gonar Alhaji ta yi kyau a wannan shekara, ga taki ga ruwa. Saboda haka masu shirin agaji suka zaɓe shi ya ba koperatif iri, a raba wa manoman da ba su da na shukawa. Wannan ba ya cikin shirin Ya Fanna. Shi kaɗai ta nufa. Tana da damar yin magana tun iri bai shiga ƙasa ba. Sai kawai ta kira ƴarta Aliya, wadda mijinta ya karɓi rabonsa, ta ba ta tsohon irin Maina da ke cikin gora, ta ce na koperatif a zuba wa kaji. Sauran mutane ta bar su.

Da shekara ta zagayo aka yi tsinka aka shanya, ƴan kasuwa suka tsallako daga Najeriya kamar kullum. Mai saye ya ɗauki ɗaya, ya karya, ya lasa, ya ji yaji, ya tofar. Haka aka bi shanya bayan shanya. Manoma suka kwashi buhunansu suka juye a ƙofar kantin Alhaji, suna cewa ya gauraya iri don ya cuce su. Ya yi ta rantsuwa, babu mai saurare. Magana ta kai wurin hukuma, aka sauke shi daga komiti, sababbin shugabanni suka sake duba rabon da ya yi. Gonar Maina ta koma ga matarsa.

Ranar da aka zo ɗauke injin, Alhaji ya same ta a bakin iyaka. A lokacin wani ya riga ya faɗa masa al'adar.

"Ashe ke ce."

"Filina kawai na shuka, Alhaji. Doka ta ce kada a bar ƙasa kwance."

Ya Fanna ta noma gonar nan har ƙarfinta ya ƙare, can bayan shekarar 2000. Amma gidajen da suka yi asarar shekara guda ba su yafe mata ba. Ba a musayar dashe da ita, mata kuma sun daina zuwa taya ta tsinka. Wata rana Aliya ta tambaye ta ko abin bai dame ta ba. Ta ce mutanen nan su ne suka haƙa hanyar ruwa zuwa gonar Maina don kwanon gero, yana kwance yana jin ƙarar shebur ɗinsu, kuma babu wanda ya buɗe baki.

Har ta mutu, duk shekara sai ta dasa layi guda na barkono a tsohuwar iyakar.